An riga an cire kashi 10 a ribar shiya ta, me kuma zan rubuta a fom ɗin haraji?

Duk wanda ya taɓa sayen hannun jari a Najeriya ya san yadda abin yake zuwa, kana zaune sai ka ji alat, ka duba ka ga kuɗi sun shigo daga wani kamfanin rajistara, wato mai riƙe da rajistar masu hannun jari yana biyansu riba, ka ɗauko waya ka lissafa yawan shiyarka da abin da kamfanin ya ce zai biya a kan kowace ɗaya sai ka ga kuɗin ba su cika ba. Ba bankinka ne ya tsakure ba. Kashi 10 cikin 100 ne aka cire tun kafin kuɗin su baro hannun kamfanin, shi ne wanda ake rubutawa WHT a takarda. To daga nan ne mutane suke rabuwa gida biyu, wasu su ce ai tunda an cire shikenan babu ruwansu da wani fom, wasu kuma, musamman masu tsoron hukuma, su kwashi kuɗin su haɗa da albashi ko ribar shago a layi ɗaya, a sake yi musu lissafin haraji a kai. Duka biyun akwai gyara, sai dai na biyun ya fi ciwo don shi da hannunsa ya ƙara wa kansa.

Bari mu sa lamba a ciki don maganar ta fi zama. Dangote Cement ya biya naira 30 a kan kowace shiya a ribar shekarar 2023. Mutum mai shiya 10,000 kenan ribarsa naira 300,000 ce, an cire 30,000, alat ɗin da ya gani 270,000 ne. Waccan dubu talatin ɗin ba ta tsaya a hannun kamfani ba, ana tura ta ne ga hukumar tara haraji ta jihar da mai shiyar yake zaune, tunda harajin ɗaiɗaikun mutane a Najeriya na jihohi ne ba na tarayya ba, in ka cire irin su sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan harkokin waje da waɗanda ba mazauna ƙasar ba, su ne nasu ke tafiya tarayya. Kuma a kan ribar shiyar kamfanin Najeriya, wannan kashi 10 ɗin shi ne haraji na ƙarshe, ba a sake ɗora wani a kai.

Inda ake samun ruɗani shi ne biyan haraji daban, bayyana kuɗin shiga daban. Doka ta ɗora wa mutum abu biyu, ya biya abin da ke kansa, sannan a farkon kowace shekara ya cike fom ya faɗi duk abin da ya shigo masa a shekarar da ta wuce daga kowace kafa, kafin 31 ga Maris. Na farkon an yi maka shi ba tare da an tambaye ka ba, na biyun kuwa babu mai yi maka. Ma'aikata da yawa suna ganin tunda ofis yana cire musu haraji a albashi duk wata kuma ofis ɗin yana kai nasa rahoton kafin 31 ga Janairu to an gama, amma ofis albashin da ya biya ka kawai ya sani, bai san kana da shiyar Zenith ko ta BUA ba, bai san kana karɓar kuɗin hayar shago ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Fom ɗinka na kanka shi ne inda duk waɗannan suke haɗuwa. Mazaunin Kano KIRS zai kai, na Kaduna KADIRS, na Abuja FCT-IRS, haka kowace jiha da tata.

Abu na farko da ake yawan kuskurewa a wajen cikewar, wane adadi za a rubuta. Mutum zai buɗe sitetmen ɗin banki ya ga 270,000 ya rubuta haka. A'a, a idon doka ribar da ka samu ita ce 300,000, wato kafin a cire komai, sannan a gefen da aka tanada don harajin da aka riga aka cire ka sa 30,000. In ka rubuta 270,000 kawai ba ka nuna an cire komai ba, ka rage adadin kuɗin shigarka, kuma ka ɓatar da shaidar cewa ka biya, asara biyu kenan a layi ɗaya. In takardar rajistara ba ta kusa, lissafin ba shi da wuya, raba abin da ya shigo da 0.9 zai ba ka asalin adadin.

Na biyu kuma shi ne inda za a rubuta. Fom ɗin yana da wurare daban daban, na albashi, na kasuwanci, na haya, na ribar shiya. Ribar shiyar kamfanin Najeriya da aka riga aka cire wa haraji ana nuna ta ne amma ba ta shiga jimillar da za a bi da ita ta matakan haraji. Ga abin da ke faruwa in ta shiga. A sabuwar dokar da shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 ne, daga miliyan 3 zuwa 12 kashi 18, yana ta hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. To ɗauki ma'aikacin da kuɗinsa na shekara bayan cire fansho da sauransu ya kai miliyan 4, shi yana matakin kashi 18 ne. In ya zuba waccan 300,000 ɗin cikin jimillar, harajinta zai fito 54,000, ko da an tuna an cire masa 30,000 ɗin baya zai ga ana binsa 24,000 da doka ba ta ce ya biya ba, in kuma ba a tuna ba to duka 54,000 ɗin ce. Kuma a gaskiya ban ga ranar da ma'aikacin haraji zai bi ka har gida ya ce malam ka biya fiye da ƙima zo ka karɓi canjinka ba, akwai hanyar neman a dawo da rarar a doka amma wahalarta ta fi ta cike fom daidai tun farko nesa ba kusa ba.

Wannan tsarin na kashi 10 ga kowa da kowa ni dai yana min wani iri. Dubi bazawarar da mijinta ya rasu ya bar mata 'yan shiya, duk abin da take samu a shekara bai wuce waccan 300,000 ɗin ba, da albashi ne ko ribar sana'a da ko sisi ba za ta biya ba don ba ta kai 800,000 ba, amma da yake ribar shiya ce an cire mata dubu talatin kuma zancen ya ƙare a nan. Shi kuwa attajirin da ribarsa ta kai biliyoyi, wanda da albashi ne da kashi 25 za a caje shi, shi ma kashi 10 ɗin ne. Masu kare tsarin suna da hujjarsu kuma ba hujjar banza ba ce, suna cewa kuɗin nan fa an riga an ci haraji a kansu tun suna hannun kamfani, babban kamfani yana biyan kashi 30 a ribarsa ga kuma kashi 4 na harajin raya ƙasa da sabuwar dokar ta haɗe wuri ɗaya, don haka a cikin naira 100 da kamfanin ya ci riba kusan 66 ce ke saura, in an raba ta a cire kashi 10 abin da ke isa aljihun mai shiya bai cika 60 ba. Na yarda da lissafin, amma bai amsa maganar bazawarar ba, don ita ma wannan 34 ɗin an cire a nata kason daidai da na attajirin. Gaskiyar magana dai gwamnati ta zaɓi sauƙi ne, karɓa daga kamfanoni 'yan ɗaruruwa ya fi bin miliyoyin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar shekara, wadda ita ma tana rikita mutane fiye da yadda ake zato. Ribar da kamfani ya kira ta 2023 ba a 2023 ake biyanta ba, sai an rufe littafi, odita ya duba, an yi babban taron masu hannun jari an amince, sannan a biya, shi ya sa waccan naira 30 ta Dangote a 2024 ta shigo. A fom ɗinka kuwa ba ruwan hukuma da shekarar da kamfanin ya ci ribar, ranar da biyan ya wajaba ita ce ake dubawa, don haka kuɗin shigar 2024 ne, a fom ɗin da ake kaiwa farkon 2025. Bankuna kuma sun saba biya sau biyu, Zenith misali a ribar 2023 ya ba da kwabo 50 na wucin gadi a cikin shekarar, sannan naira 3 da kwabo 50 na ƙarshe a 2024, kaga riba ɗaya a littafin banki amma a wajenka ta faɗa shekara biyu daban. Akwai kuma shekarar da babu komai, waɗanda suka sayi MTN a tallan da aka yi wa jama'a a Disambar 2021 a kan naira 169 sun ga haka lokacin da faɗuwar darajar naira ta jefa kamfanin cikin asara, a irin wannan shekarar babu abin rubutawa a layin, riƙe shiya kaɗai ba kuɗin shiga ba ne.

Wannan ya kawo mu kan tsofaffin ribar da ba a karɓa ba, kuma a nan Arewa abin ya yi yawa. Lokacin da Soludo, gwamnan Babban Banki a wancan lokacin, ya ce kowane banki ya kai jarin naira biliyan 25, daga 2004 zuwa kafin kasuwa ta rushe a 2008, mutane sun sayi shiya kamar me, malaman makaranta, 'yan kasuwa, 'yan fansho, wani ma ya cike fom uku da suna a jujjuye, nan Musa Ibrahim can Ibrahim Musa can kuma ya ƙara sunan garinsu, don ya samu kaso da yawa. A lokacin ribar takarda ce kamar cak ake aikowa ta gidan waya, akwatin gidan wayan kuma na ofis ɗin da mutum ya bari tuntuni ne ko na wani ɗan uwa, takardar in ta wuce wata shida ba a kai banki ba ta mutu sai an sabunta. Haka kuɗi suka yi ta taruwa, a 2023 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190, duk da tsarin turawa kai tsaye zuwa asusun banki da aka ƙaddamar tun 2015. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta ce ribar kamfanonin da ke kasuwar hannun jari da ta shekara shida ba a karɓa ba a mayar da ita wani asusun amana da gwamnati ke rance daga ciki, mai ita yana da damar nema duk ranar da ya zo.

To a ce yau mutum ya gyara takardunsa, ya cike fom ɗin rajistara da BVN ɗinsa, rana ɗaya ribar shekara goma ta faɗo masa a dunƙule. Ba sabon kuɗin shiga ba ne da za a ɗora wa harajin bana, kowace ɗaya an cire mata kashi 10 ɗinta tun shekarar da aka ayyana ta. Abin da zai yi shi ne ya nemi rajistara ya ba shi cikakken bayani shekara bayan shekara, adadin farko, abin da aka cire, abin da ya saura, ya ajiye, don ranar da wani ya tambayi daga ina waɗannan kuɗin suka shigo takardar ce za ta yi magana. Haka ma 'ya'yan da suka gaji shiyar mahaifinsu, muddin sunan mamacin ne a rajista ribar tana can a rataye, sai an kai takardun gado an sauya suna sannan kowa ya san nasa har ya san abin da zai rubuta.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika kula da shi ba, adireshi. Rajistara adireshin da ke littafinsa yake bi wajen tura harajin. Ka sayi shiya kana aiki a Legas a 2007, yanzu shekara da shekaru kana Katsina, in ba ka sauya ba harajinka yana ta tafiya Legas, ita kuma Katsina ba ta ga komai da sunanka ba. Kai dai ka biya, amma ranar da ka je neman takarda a jiharka kai ne za ka yi ta bayani. Gyaran bai wuce fom ɗaya a wajen dillalinka ko rajistaran ba.

Yanzu ga inda lamarin ya canza gaba ɗaya, ribar shiyar waje. Matasa da yawa suna sayen Apple da Microsoft da Coca-Cola ta manhajoji irin su Bamboo da Trove, kuma su ma suna ganin an cire wani abu, sai su ɗauka irin na gida ne. Ba iri ɗaya ba ne. Amurka tana cire kashi 30 a ribar shiyar da ake biyan wanda ba mazauninta ba, ƙasashen da suke da yarjejeniyar haraji da ita ana rage musu, Najeriya kuwa ba ta da wannan yarjejeniyar da Amurka, shi ya sa ko ka cike fom ɗin W-8BEN da manhajar ke sa ka cikewa kashi 30 ɗin nan dai yana nan, dala 100 ta koma 70. Kuma wannan talatin ɗin baitulmalin Amurka ta tafi, ko kwabo bai shigo jiharka ba, don haka ba za ka ce an cire min na ƙarshe ba kamar yadda za ka ce a na Dangote. Mazaunin Najeriya ana duba kuɗin shigarsa ne daga ko'ina a duniya, dole ta fito a fom. Abin da ke ceton mutane shi ne tun a dokar PITA, wato tsohuwar dokar harajin ɗaiɗaikun mutane, akwai rangwame ga ribar shiya da kuɗin haya da makamantansu da aka samo a waje aka shigo da su ƙasar ta hanyar da gwamnati ta amince, wato a kuɗin waje, ta banki, zuwa asusun dala. Sharaɗin yana kan shigowar da kuma hanyar. Wanda ya bar ribar a cikin manhaja yana ta sake sayen shiya da ita bai shigo da komai ba, wanda kuma ya sayar wa wani da dalar ta bayan fage aka turo masa naira shi ma ba shi da takardar da zai nuna. Kar kuma a ruɗe da kuɗin da aka biya ribar da shi, Seplat da dala yake ayyana ribarsa amma kamfanin Najeriya ne, kashi 10 ɗin gida ake cirewa, Airtel Africa kuwa ana cinikinsa a kasuwar Legas amma rajistarsa a Ingila take. Inda aka yi wa kamfani rajista shi ne abin dubawa.

Sai masu kamfanin kansu, irin Alhajin da ya yi rajistar limited a CAC shi da matarsa da babban ɗansa, duk lokacin da buƙata ta taso ya ce wa akawu turo min miliyan biyu, in an tambaya ya ce ai ribata ce. A takarda ba haka ake riba ba. Sai kamfanin yana da ribar da za a iya rabawa, an zauna an ayyana, an rubuta, kamfanin da kansa ya cire kashi 10 ya tura wa jiha a cikin watan da ke biye, sannan ta zama irin wadda muke magana a kai. In babu wannan, mai binciken haraji shi zai sa wa kuɗin suna, yana iya cewa albashi ne ya bi da su ta matakan nan har zuwa kashi 25, ko ya ce kuɗin darakta ne, wanda ƙa'idojin WHT na 2024 suka kai abin cirewarsa kashi 15. Wanda kuma ya ce to bari in bar ribar a kamfani kar in raba don kar a cire, doka ta hango shi, kamfanin da mutum biyar ko ƙasa da haka ke juya shi hukuma tana da ikon ɗaukar ribar da aka ƙi rabawa kamar an raba in ta ga rabawar ba za ta cutar da kasuwancin ba. Mai rajistar sunan kasuwanci kawai kuwa, wanda ba limited ba, shi babu ma zancen ribar shiya a wajensa, shi da shagon abu ɗaya ne, duk ribar kuɗin shigarsa ce kai tsaye.

Ribar sayar da shiya wani babi ne daban kar a cakuɗa, ka saya a 200 ka sayar a 400 wannan ba a cire mata komai a tushe, kuma sabuwar dokar ta yafe wa wanda abin da ya sayar a wata 12 bai kai naira miliyan 150 ba kuma ribar ba ta wuce miliyan 10 ba, kusan duk ƙananan masu saka jari kenan. Zakka ma haka, na ji masu cewa tunda sun fitar da zakkar shiyarsu ko sun tsarkake ribar sun ba da sadaka ai sai a rage musu a haraji, babu wannan a jerin abubuwan da doka ta yarda a cire, wancan tsakaninka da Ubangijinka ne, a fom cikakken adadin za ka rubuta.

Wani zai ce to duk wannan wahalar ta mece ce tunda ba ƙarin kuɗi zan biya ba kuma shekara nawa ban cike ba babu wanda ya neme ni. Da can kam haka ne, tarar da ke tsohuwar dokar naira 5,000 ce da naira 100 a kowace rana, ba ta tsorata kowa. Yanzu rashin kai fom tararsa naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayan nan, wato mai waccan ribar ta 270,000 in ya yi wata biyar bai kai ba tarar ta cinye ribar har ta ɗora. Kuma lambar NIN ita ce ta zama lambar harajin mutum, ita ce a banki, BVN ɗinka na wajen rajistara, ɓuyan da ake yi a da saboda takardu suna warwatse a ofis goma yana ta ƙara wuya. Sannan akwai amfanin da ke ciki ga shi mai cikewar, takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da ake nema wajen kwangilar gwamnati ko takardar mallakar fili, ɗan fanshon da ba shi da albashi yanzu amma duk shekara ana cire masa kashi 10 a ribar shiyarsa mai biyan haraji ne cikakke, sai dai in bai taɓa kai fom ya nuna ba, a fayil ɗin jiharsa babu abin da zai sa a ba shi takardar ba tare da an yanka masa wani adadi na ƙiyasi an ce ya fara biya ba.